Gida na Ashirin da Bakwai

Dutsen farko ya faɗo kan kwanon rufi daidai lokacin da Mai Wuƙa ya sunkuya yana kwance igiyar takalminsa a bakin ƙofa. Ya tsaya a sunkuye yana saurare. Dutsen ya gangaro a hankali, ƙwar-ƙwar-ƙwar, ya faɗo kusa da famfo. Rana ta riga ta faɗi amma duhu bai gama shigowa ba. Lokacin nan ne da komai yake komawa launin toka, hayaƙin girkin maƙwabta ya kwanta ƙasa-ƙasa ya ƙi tashi, mutum ya kasa gane fuskar wanda ke tahowa sai ya yi magana.

"'Ya'yan mutane," ya ce a ransa, ya ci gaba da kwance igiyar.

Ba mahauci ba ne, ko da yake duk wanda ya ji sunan abin da yake fara zato ke nan. A wata 'yar maɗaba'a yake aiki, shi ne a kan injin yankan takarda, shekara ashirin da biyu. Yatsunsa goma suna nan cif, kuma yakan yi alfahari da su, don mutumin da ya gada a kan injin da yatsu bakwai ya yi ritaya. Kullum sai bayan isha'i yake dawowa gida, kafaɗunsa kamar an ɗora masa buhu. Matarsa kuwa a ɗakin wankin wani asibiti take, tana fita da azahar, ta dawo ƙarfe tara da hannuwa fari fat saboda sabulu. 'Ya'yansu manya biyu sun yi aure a wasu garuruwa. Saura Auta, mai shekara goma sha ɗaya, wadda ta zo musu bayan sun ɗauka sun gama.

Ran nan wuta ce ta ɗauke tun la'asar, maigidansa ya sallame su da wuri. Rabonsa da ganin gidansa da magariba har ya manta.

Ya tura ƙofar ɗaki. Ba a kunna fitila ba. Auta tana zaune a ƙasa ta ba shi baya, ta naɗe tabarma gefe, tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin wani. Da ta ji motsinsa sai ta yi wuf ta jawo tabarmar ta shimfiɗa, ta zauna a kai.

"Baba, yau da wuri?"

Ba murna ba ce a muryar. Irin muryar wanda aka katse wa magana ce.

"Da wa kike hira a cikin duhu?"

"Karatu nake yi."

Kafin ya sake tambaya dutse na biyu ya faɗo, na uku ya biyo shi. Ya fita, ya kifa bokiti ya hau ya leƙa bayan katanga. Fili ne da aka jibge matattun motoci, ciyawa ta fito ta cikin tagoginsu. Babu yaro, babu babba, ko akuya babu. Yana nan tsaye a kan bokitin, sai ya ji kira. Daga nesa yake, ko kuma daga kusa ƙwarai, ya kasa tantancewa. Muryar mace ce, tana jan wani suna da harshensa ba zai iya maimaitawa ba. Abin da ya tayar masa da tsigar jiki ba sunan ba ne, yadda ake kiran ne: irin kiran uwar da ta kira ɗanta sau goma, ta gaji, ta kuma san ba zai amsa ba.

Ya sauko, ya yi alwala. Bai gaya wa matarsa ba. Ta dawo ƙafafunta a kumbure, ta ci abinci tana gyangyaɗi, ya ga bai dace ya ƙara mata kaya ba.

Ashe maƙwabta sun daɗe da sani. Gidan haya ne, ɗakuna a jere, nasu ne na ƙarshe. Ranar hutunsa matar direba da ke ɗaki na uku ta tare shi a bakin famfo.

"Baban Auta, ban so in faɗa ba. Yau kusan wata biyu ke nan, kullum da magariba ana jifan rufinku. Naku kaɗai. Mun daina barin yara su zo ta nan."

"Wata biyu? Amma ba wanda ya gaya mini?"

"To yaushe ake ganinku?" ta ce, ta ɗauki bokitinta.

Daga ranar ya fara kallon 'yarsa da kyau, ya kuma ji kunyar abin da ya gani. Wuyanta ya yi tsawo. Kayan makarantarta sun yi mata yawa. Abincin da uwarta ke rufe mata kafin ta fita, a kwandon shara yake samunsa an lulluɓe da takarda. A cikin jakarta ya tarar da wasiƙa biyu daga malamarsu, cewa yarinyar barci take yi a aji. Uwarta ta kai ta asibitin da take aiki, aka ɗebi jini, aka duba ido da ƙirji, likita ya ce ba komai, a ba ta abinci ta huta. Suka dawo da kwalbar maganin ƙarin jini da ba ta taɓa shan rabinsa ba.

Wata ranar Lahadi su duka uku suna gida. Uwar tana guga, shi yana kishingiɗe, Auta tana zaune a kan tabarmarta ta ƙura wa taga ido. Hasken ya fara ja baya daga bango. Ƙarar titi ta ragu. Sai dutse ya faɗo.

Auta ta miƙe zaune sak. Kafaɗunta suka sauko, bayanta ya ɗan ranƙwafa, fuskarta ta tsufa a gaban idonsu. Ta buɗe baki, wata murya mai kaushi ta fito, muryar nan da ya ji tana kira bayan katanga, wadda bai manta ba.

"An tashi wasa. An tashi wasa."

Sai kan yarinyar ya girgiza da ƙarfi, muryarta ta gaskiya ta fito siririya: "A'a!"

"An tashi wasa."

"A'a! Ba a tashi ba!"

Uwar ta saki dutsen guga a kan riga har ta ƙone, ta rungume 'yar tana salati. Jikin yarinyar ya sandare kamar katako, sannan ya saki. Ta yi barci nan take a cinyar uwarta, gumi ya jiƙa mata wuya.

Uwar ce ta ce ya ɗaga tabarmar.

A kan siminti an zana gidaje da alli, talatin, suna zagaye kamar dodon koɗi, kowanne da lambarsa. An maimaita zanen sau da yawa har allin ya kama ƙasa. A gida na ashirin da bakwai akwai maɓallai biyu, baƙi da ja, suna gefe da gefe. Gidaje ukun ƙarshe babu komai a ciki. A gefen zanen ga wani littafi marar bango, an ɗinke shi da farin zare. Mai Wuƙa bai buƙaci ɗauka ba. Ɗinkin hannunsa ne.

Bara ne wani dattijo ya riƙa kawo musu aikin littafin yara, babi-babi, a rubuce da hannu. Labarin wasu yara ne da suka tarar da wani wasa a zane a ƙasan wani tsohon sito. Duk gidan da maɓallinka ya sauka, ƙofa ce ta buɗe zuwa wata ƙasa: ƙasar da koguna ke gudu sama, ƙasar da inuwa ke sayar da mutane, ƙasar da ba a ƙarya a cikinta. Ana cikin bugawa dattijon ya daina zuwa. Da aka gaji da jira aka ce a kwashe takardun a zubar. Shi ne ya tsinci shafi ɗai-ɗai ya haɗa, ya datse gefen da injinsa, ya kawo wa Auta don ya san tana son karatu. Har ya ji daɗi a lokacin, ya ce ya samo mata abin ɗebe kewa.

Ya buɗe shafin farko ya kai kusa da fitila. An ja layi da fensir a ƙarƙashin dokar wasan: ba a yin sa sai mutum biyu, kuma wanda ya zauna ba ya tashi sai wanda ya gayyace shi ya ce an tashi. Ya juya zuwa ƙarshe. Labarin ya tsaya a gida na ashirin da bakwai, a tsakiyar jimla.

"Kai ka kawo mana wannan?" matarsa ta tambaya. Ba ta ɗaga murya ba. Ba ta da ƙarfin faɗa.

Da safe ta kawo ruwa da buroshi ta wanke zanen tas, ta jefa maɓallan a kwata. Da magaribar ranar duwatsu suka sauko kamar ƙanƙara, har kwanon ya huje wuri biyu. Auta ta faɗi a tsakar ɗaki, haƙoranta a datse, ta yi awa guda ba ta san inda take ba. Washegari da uwar ta ɗaga tabarma, zanen yana nan, ga allin a ƙarƙashin farcen yarinyar. Maimakon maɓallai, tsakuwa biyu.

Mai Wuƙa ya je wurin maigidansa a maɗaba'a, ya tambaye shi ko akwai ragowar littafin nan a wani wuri, ko da rubutun hannun ne. A tunaninsa idan aka samu ƙarshen labarin, wataƙila abin ya ƙare.

"Wane ƙarshe?" maigidan ya ce, yana goge tawada a hannunsa. "Ai tsohon nan bai rubuta ba. Jikarsa ta zo ta gaya mana ya rasu. Kai kuma a shekarunka littafin yara kake bi?"

Ya yi murmushin dole ya koma kan injinsa. Ranar sau biyu yana datse takarda a karkace, abin da bai yi ba tun yana sabon shiga.

Mai ɗinkin littafi da suke aiki tare ne ya lura, ya ja shi gefe, ya ji labari, ya ce akwai wani malami mai gyaran agogo a bakin kasuwa. Mahaddaci ne, ya koyar shekara talatin kafin gwiwa ta zaunar da shi. Yana yi wa mutane ruƙiyya, amma ba ya son a san yana irin wannan aikin.

Ya same shi a cikin wata 'yar rumfa, da gilashin dubawa a ido ɗaya. Malam bai ɗago ba har Mai Wuƙa ya gama bayani. Sannan ya ajiye ɗan hantsakinsa ya yi ajiyar zuciya.

"An kai ta asibiti?"

"An kai ta."

"Madalla. Da yawa ba sa kaiwa." Ya cire gilashin ya murza ido. "Wallahi na gaji da wannan aikin. Amma zan zo gobe kafin rana ta faɗi. Kada ku taɓa zanen. Ku samo mini kujera mai jingina, ba na iya zaman ƙasa."

Washegari mata da miji duka suka nemi izini a wurin aiki. Malam ya iso da sandarsa, ya daɗe yana hawa 'yar matattakalar ƙofa. Ya zauna, ya sa aka ɗaga tabarma, ya kalli gidajen talatin, ya karɓi littafin ya karanta shafin farko da na ƙarshe. Auta tana jingine da uwarta, idonta a kan tsakuwan nan biyu.

"'Yata, wa ya zana wannan?"

"Ni ce."

"Kin iya zane," ya ce.

Suka jira. Inuwar katanga ta miƙo ta rufe tsakar gida. Maƙwabta duk sun shige ɗakunansu sun ja labule, ko kukan jariri ba a ji. Malam ya fara karatu a hankali, muryarsa ba ta da daɗin sauraro, ta tsufa ta dushe, amma ba ta rawa. Mai Wuƙa yana riƙe da ƙafafun 'yarsa, yana jin sanyinsu a tafinsa. Dutse ya faɗo. Malam bai tsaya ba. Wani ya faɗo. Kafaɗun Auta suka sauko, bayanta ya ranƙwafa.

"Ya isa haka, tsoho," muryar ta ce. "Kana ƙona ni a banza."

Malam ya ƙarasa ayar da yake kai, sannan ya tsaya. "Wace ce ke?"

"Uwa ce."

"Me ya kawo ki jikin yarinyar da ba ta yi miki komai ba?"

Wata gajeriyar dariya ta fito, ba ta da daɗi ko kaɗan. "Ba ta yi mini komai ba? 'Yata tana nan. Ga ta can zaune a gaban tsakuwarta, kwana saba'in ba ta taka gida ba. Ba ta ci, ba ta barci. Ni ma haka."

Dukansu suka juya suka kalli wajen zanen. Babu komai sai siminti da alli. Matar Mai Wuƙa ta janye ƙafarta.

"Yaya aka yi ta zauna?" Malam ya tambaya.

"Wannan ce ta kira. Ta buɗe taga da magariba, ta ce wa zai yi wasa da ni, kowane ne ya zo. Sau uku ta faɗa. Tawa tana wucewa ta ji. Yarinya ce, ta shigo, aka karanta mata doka, ta ce ta yarda. Ku mutane kuna faɗin magana ku taka ta ku wuce. Mu ba haka muke ba. Abin da muka ce mun yarda ya ɗaure mu, ko da wasa ne. Ba za ta tashi ba sai wadda ta gayyace ta ta sallame ta."

"Shi ne kike jifa?"

"Na yi kira, ba a ji ba. Na yi jifa ko manyan gidan za su fito su raba su. Ina manyan? Na shiga bakinta don in faɗi kalmar da kaina, ashe idan ni na faɗa ba ta aiki. Kullum ina roƙonta. Kullum sai ta ce a'a."

"Kin cutar da ita," Malam ya ce, muryarsa ta yi ƙarfi. "Dubi wuyanta. Kin shiga inda ba a halatta miki ba, kuma za a tambaye ki."

"Na sani. To a ba ni ita mu tafi can, su ƙarasa wasansu, in dawo da ita."

"Ba ki isa ba."

"Kwana bakwai kawai."

"Ko ƙiftawar ido."

"To a kawo ƙarshen littafin, su kai gida na talatin, kowa ya kama gabansa."

Malam ya dubi Mai Wuƙa. Ya girgiza kai. "Babu ƙarshe, Malam. Mai rubutun ya rasu bai gama ba."

Sai kan yarinyar ya juyo a hankali wajen ubanta, idanun da ba nata ba suka tsaya a kansa.

"Kai ne uban? Yau na fara ganinka da kyau. Ka san ƙarfe nawa take dawowa daga makaranta? Ka san abin da take yi daga nan har ku shigo? Tana ƙirga layukan rufi. Tana magana da tukunya. Ranar da aka yi tsawa mai ƙarfi, cikin kwabar kaya ta shige, tawa ce ta zauna da ita har aka ɗauke ruwa. Ni aljana ce, amma na san inda 'yata take da magariba."

"Ki kama bakinki," Malam ya ce. "Ba wa'azi aka kira ki ba."

Amma maganar ta riga ta shiga. Mai Wuƙa ya ji kamar an sa ƙirjinsa a ƙarƙashin matsin injinsa an danna. Ya so ya ce aiki ne, ba yawo suke zuwa ba. Ya so ya ce don ita suke yi. Duk gaskiya ne, kuma babu wanda ya iya fitowa daga bakinsa. Matarsa tana kuka ba sauti, hawaye na sauka a gashin yarinyar.

Malam ya gyara zama, gwiwarsa ta yi ƙara. "Ji nan. Za ki ja gefe ki bar yarinyar ta dawo hayyacinta. Idan ta sallami 'yarki, za ki fita ki ɗauki taki ku tafi, ba ke ba gidan nan, ba ke ba zuriyarsu. Idan kika saɓa, zan dawo da wannan gwiwar tawa, kuma ba zan tsaya hira ba. Kin ɗauki alkawari?"

"Na ɗauka. Ni da zan samu in kwanta."

Jikin Auta ya saki. Ta buɗe ido, ta dubi uwarta, ta dubi baƙon tsohon da ke kan kujera, sannan ta dubi zanen. Malam ya yi wa uban nuni da haɓa. Nan kuma ba aikin Malam ba ne.

Mai Wuƙa ya matso ya durƙusa a gabanta. Ya rasa ta inda zai fara. Rabon da ya yi doguwar magana da ita, tun tana koyon haɗa baƙi.

"Auta, ƙawarki ce?"

Ta gyaɗa kai.

"Tana da kirki?"

"Ba ta taɓa yi mini zamba ba. Kuma tana dariya idan na yi muryar sarkin inuwa na cikin littafin."

"Mamanta tana jiranta. Ta daɗe tana jira. Kin ga yadda mamanki take yi idan kin yi zazzaɓi? Haka ita ma take."

"Na sani. Ina jin ta." Ta share hanci da bayan hannu. "Ita ma ƙawata tana so ta tafi. Tana kuka wani lokaci. Ni ce nake cewa ta bari sai gobe."

"To me ya sa?"

Ta dube shi kai tsaye. "Idan ta tafi, Baba, da wa zan zauna?"

Ba zai iya barin aiki ba, uwarta ma haka. Ya san idan ya yi mata ƙarya yanzu za ta gane, kuma ba za ta sake yarda da shi ba. Ya daɗe yana kallon yatsunsa.

"Ba zan ce miki zan riƙa dawowa da wuri ba," ya ce. "Ba zan iya ba. Amma daga makaranta za ki riƙa wucewa wurina. Akwai ƙara, akwai warin tawada, maigidana kuma masifaffe ne. Akwai benci a bayan injina. Nan za ki zauna har in tashi mu taho tare."

"Kullum?"

"Kullum."

"Idan ya kore ni fa?"

"Sai ya haɗa da ni. Ya je ya nemo wani mai yatsu goma."

Ta kusa yin murmushi. Sannan ta zame daga jikin uwarta, ta rarrafa zuwa bakin zanen, ta zauna ta naɗe ƙafa. Ta daɗe tana kallon wurin da babu kowa. Ta ce wani abu ƙasa-ƙasa wanda ba su ji ba, ta saurara kamar ana ba ta amsa, ta gyaɗa kai. Duhu ya kusa cika ɗakin.

"An tashi wasa," ta ce da muryarta. "Ki gaida gida."

Labulen taga ya ɗaga sau ɗaya ya koma, alhali babu iska. Auta ta yi baya, ubanta ya tare ta. Muryar nan mai kaushi ta fito karo na ƙarshe, can ƙasa, kamar ta wanda ya sauke kaya bayan doguwar tafiya.

"Taho mu je, 'yata. Dubi yadda kika koma." Sai kuma: "Tsoho, na fita."

Ƙaramin yatsan ƙafar yarinyar ya karkaɗa, ya tsaya. Malam ya ci gaba da karatu har sai da aka kira salla a masallacin unguwa. Ba a sake jin dutse ba.

Da zai tafi ya ƙi karɓar komai sai ruwan sha. A bakin ƙofa ya dafa kafaɗar Mai Wuƙa don ya sauka matattakala. "Nawa aikin mai sauƙi ne," ya ce. "Ka ji abin da ka faɗa da bakinka. Ni shaida ne."

Auta ta yi kwana biyu tana barci, tana tashi ta ci ta koma. A rana ta uku ita da kanta ta wanke simintin. Ba ta yi magana da kowa sosai ba har mako ya zagayo, kuma sau biyu uwarta ta same ta tana kuka a bayan ƙofa. Ba su hana ta ba.

Ranar Litinin ƙarfe biyu da rabi ta bayyana a ƙofar maɗaba'a da jakarta a baya. Maigidan ya dube ta sama da ƙasa, ya ce nan ba gidan raino ba ne. Mai Wuƙa ya kashe injinsa, ya tsaya yana kallonsa. Aikin katin makaranta dubu biyar yana jiran yanka. Maigidan ya yi tsaki, ya ce to kada ta taɓa komai. Kafin sati biyu shi ne yake aiken a sayo mata lemo, yana kuma cewa ta duba masa kuskuren rubutu, don idonta ya fi na mai tsara shafi.

Gajiyar ba ta ragu ba. Kafaɗunsa suna nan yadda suke, ƙafafun matarsa suna kumbura kamar da, rufin ma sai da damina ta kusa kafin ya samu ya toshe hujin. Wani yammaci, an kusa magariba, ya ɗago daga kan injin don ya miƙe bayansa. Auta tana kan bencinta, ta tara guntayen takardun da yake zubarwa tana rubutu a kai. Hasken ƙofa ya fara komawa toka. Sai ya ga ta daina rubutun, ta matsa can ƙarshen bencin ba tare da ta sani ba, ta bar wurin zaman mutum ɗaya a gefenta.

Ya dubi tulin takardun da ke jiransa. Ya kashe injin, ya goge hannunsa a jikin wando, ya je ya zauna a wurin.

Ta ɗago a firgice, sannan ta ga shi ne.

"Baba, an ce a gama aikin nan yau."

"Za a gama," ya ce, ya jingina kansa da bango ya lumshe ido. "Karanta mini abin da kike rubutawa."